Ɗan Tsako Mai Jan Zare

Ranar Asabar da la'asar aka tsinci Seu Aristides a mace cikin ragar kwanciyarsa, a bukkar da yake hutawa a bakin gonarsa ta asai, wani ɗan itace mai kama da ƙananan dabino, harshe a waje, ga wata 'yar jiboya, wato ƙaramar mesa, ta naɗe a kan ƙirjinsa. Ɗansa Gilvan ne ya fara gani, shi ya kwarma ihu, kafin ka ce kwabo rabin mutanen Vila Jauari sun haye rafi a kwalekwale.

Babu wanda ya tsaya tambayar ta wace ce. Jiboya ɗaya ce a garin mai tabo a gefen baki, kuma ko yaron goye ya san Kasula ce, ta Dona Zuleide. Ajiye irin wannan mesa a rumfar garin rogo don ta rage ɓeraye ba sabon abu ba ne a wajenmu, kakanninmu ma sun yi. Amma Zuleide ta zaƙe. Ta raɗa mata suna Kasula, wato auta, tana yi mata hira tana tuyar gari, har faɗa take mata. Ɗanta guda ɗaya, Ozias, shi ya kawo mata ita cikin hularsa mako ɗaya kafin kogi ya cinye shi. To, mace ba miji, ba ɗa, tana magana da maciji, ai ba sai an gaya maka sunan da Jauari ta ba ta ba. Sun daɗe suna faɗarsa a ciki, ranar suka faɗe shi a fili: mayya.

Seu Ladislau ne ƙarshen zuwa. Shekara talatin ya yi yana bin sawu a daji, na dabba da na mutum, kuma ya dawo gari da baƙar zuciya da bakin da ba ya ɗanɗana magana kafin ya fitar. Ya tarar an tattake ko'ina, ya ce musu da garken aladun daji ne suka zo da sun fi su hankali. Sannan ya zagaya bayan bukkar, inda laka take a kwance ba wanda ya taka, ya yi ta kallo. Ga sawun kaguwa, ga na tsuntsu, ga na wani mutum mai yatsa huɗu a ƙafar hagu. Na jan ciki babu, ko ɗaya. Ya dawo ya ɗaga haɓar mamacin, ya ga shaida siririya a wuya, ba ta fi kaurin ɗan yatsa ba, alhali Kasula ta kai kaurin damtsen yaro.

Ya faɗa musu. Wata tsohuwa ta ce to da wutsiya ta shaƙe shi. Wani ya ce abin da mayya ta aiko ba ya barin sawu. Gilvan kuwa yana tsaye yana kuka kamar ransa zai fita, cikin riga mai dogon hannu, an ɓalle maɓalli har wuyan hannu, a wannan zafin da ko kare ya nemi inuwa. Ladislau ya ga rigar. Ya gan ta sarai, sai ya kawar da kai. Gilvan ne mai babban jirgin da ke kwashe asai ɗin garin zuwa birni, kuma mazajen 'ya'yan Ladislau mata biyu a jirgin nan suke ci.

Gilvan ya zaro adda zai datse jiboyar, Ladislau ya riga shi, ya jefa ta cikin kwando ya rufe, ya ce shaida ce. 'Yan sanda sai Talata jirginsu zai iso, kuma babu mai niyyar jiran Talata. A nan gaban gawa aka yanke cewa gobe, ana fitowa daga coci, za a cinna wa gidan Zuleide wuta, a sa ta a kwalekwale babu filafili, a tura ta ƙasan kogi inda ruwa ke tafasa a kan duwatsu. Wanda duk ya san wurin ya san kisa ne, an dai sake masa suna.

* * *

Ladislau ya iske Zuleide zaune a rumfar gari, hannu a cinya. An riga an yi mata jifa, ga jini ya bushe a goshinta. Da ta ga kwandon ba ta tambayi mamaci ba, ba ta tambayi wuta ba, cewa ta yi ko sun ji wa yarinyar ciwo.

A jikin bangon katako ta kafe saɓar Kasula a jere, tun daga ta farko mai kama da igiyar takalmi har ta watan jiya. Ba a tambaye ta ba ta shiga bayani, yadda uwa ke yi. Wai da aka kawo ta ɗani biyu ce kawai a awon hannu, jinjirin ɓera take ci duk mako, shi ma sai an yi ta lallashi. Da ta kai ɗani huɗu aka koma ɓera sosai, kwana goma-goma. Yanzu ɗani bakwai ce, ɗan tsako guda duk sati biyu, ba a ƙara mata ko ta yi ta leƙe, don ƙiba tana kashe su. Ladislau ya ce bai zo jin tarihin maciji ba, ta gaya masa inda take jiya da yau.

Ta ce tun safe tana gonar rogo, ta dawo ta tarar da akwatin Kasula a buɗe.

"Kuma ba ita ta fita ba, Seu Ladislau. Jiya Jumma'a da safe na ba ta ɗan tsako. Jiboyar da ta ci ba ta motsi, ko gidan ne ke cin wuta. Kwana biyar take yi a naɗe."

Ya buɗe kwandon, ya kama Kasula a bayan kai, ya bi cikinta da babban yatsa tun daga wuya har wutsiya. Sumul. Babu kumburi, babu ƙashi, babu komai.

"Dona Zuleide, ni za ki yi wa ƙarya? Ni kaɗai ne a garin nan ban ɗauki dutse ba."

Ta miƙo hannu ta shafa cikin da kanta, sai fuskarta ta canza, ba ta tsoro ba, ta ɓacin rai. Ta ce an ɗauke ta. Wani ya ɗaga ta da ciki cike ya yi ta jijjiga ta, kuma duk wanda ya taɓa kiwon jiboya ya san in ka yi mata haka amayar da abin take yi, ɗungurungum. Ta ce shi ya sa ko ita ba ta taɓa ta sai bayan kwana uku. Wanda ya sace ta bai san wannan ba, jahili ne kawai mai hannu.

Ladislau ya tambaye ta yadda zai gane ɗan tsakon in ya gan shi. Ta nuna masa sauran da ke kiwo a tsakar gida, kowane da jan zare a ƙafar dama. Ta ce tun da maƙwabta suka fara cewa nasu ne take ɗaura musu.

* * *

Lahadi da sassafe ya tafi neman mai yatsa huɗu, kuma ba wani nema ba ne, duk Jauari Tibúrcio ne kaɗai kada ya rage wa ƙafa. Ya same shi a gindin mangwaro yana jinyar giyar jiya. Kowa ya san shi da marigayi sun shekara suna zage-zage a kan wani tarkon kifi.

Ladislau ya shure shi a tafin ƙafa ya ce ya tashi, ƙafarsa ta kai ƙararsa. Tibúrcio ya fara rantse-rantse da waliyyai, har da waɗanda ba a taɓa jin sunansu ba, ya ce bai je ba. Da aka ce masa to za a kai shi ya sa ƙafar a cikin sawun a gaban jama'a, sai ya tuna ya je. Wai jiya da hantsi ne, kifi uku kawai ya zare daga tarkon, kuma ai asali tarkon ubansa ne.

"Kifi uku, sannan ka shaƙe tsoho."

"Haba kawu, dube ni fa. Ni da ko kaza sai matata ta riƙe min? Na bar shi da ransa, waƙa ma yake yi."

Waƙa? Ladislau ya san Aristides shekara hamsin bai taɓa jin ya yi ko fito ba. Tibúrcio ya washe haƙoransa uku ya ce ai tsohon ango ne. Ya leƙa ta bayan bukka ya gan shi ya shanya farar riga, yana gwada yadda zai gaya wa fada, limamin coci. Da ya kama Tibúrcio da kifin ma bai zage shi ba, cewa ya yi ya tafi da su, sadakar aure ce, don wata mai zuwa zai auri Zuleide, kuma ya riga ya gaya wa ɗansa ranar Alhamis cewa rabin gonar asai tata ce.

Abin da Ladislau ya ji ba mamaki ba ne, don tun jiya ya san inda hanyar ta nufa. Tsoro ne, kuma ya ji kunyar kansa. Ya tambayi Tibúrcio me ya hana shi faɗa jiya, ya ce wa zai saurari mashayi, kuma shi ma a jirgin Gilvan ƙaninsa yake aiki.

* * *

Bai je gidan Gilvan ba. Bakin ruwa ya bi, yana kallon sama maimakon ƙasa. Abin da jiboya ta amayar yana da wani irin ɗoyi da ba ya wankuwa, kuma akwai waɗanda suka fi kowane mai bin sawu hanci. Can sama da mashigar gari, bayan wata lanƙwasa, ya hango ungulu huɗu a kan reshe guda, sun zuba wa wuri ɗaya ido.

Ƙaramin kwalekwalen Gilvan ne a wurin, mai shuɗin baki, an tura shi ƙarƙashin ganye. An wanke shi tas, har da sabulu, abin da ba a taɓa yi masa ba tun da aka sassaƙa shi. Amma mai wankin bai ɗaga katakon da ake taka ƙafa ba. Ladislau ya sa adda ya ɓanɓare shi, ƙudaje suka tashi buu. Ga ɗan tsako nan a miƙe, an matse shi ya yi tsawo, gashin ya manne da yauƙi, kan ya fara narkewa har bakin ya fita. A ƙafar dama ga jan zare.

Ya naɗe shi a ganyen ayaba, ya zauna a bakin kwalekwalen ya daɗe. Ya yi tunanin 'ya'yansa mata da jikokinsa bakwai. Ya yi tunanin mayar da katakon ya tafi gida ya ce bai ga komai ba. Sai aka buga ƙararrawar coci, ya miƙe.

* * *

Da ya iso an riga an fito. Sun jawo Zuleide tsakiyar fili, ga galan ɗin fetur a hannun wani, ga Gilvan a gaba cikin wata rigar mai dogon hannu, baƙa wannan karon, ta makoki. Ladislau ya ajiye kwandon Kasula a ƙasa, ya sa Tibúrcio ya tsaya kusa da Zuleide, ya ce kowa ya yi shiru, mutum uku ake zargi kuma zai sallami biyu.

Aka ce ina na ukun. Ya ce su jira. Ya ce Tibúrcio ɓarawon kifi ne, wannan ba labari ba ne, amma ya bar tsohon da rai. Ya ce jiboya ba ta je bukkar da cikinta ba, kai ta aka yi, bayan an gama aikin da igiyar raga. Ya maimaita musu abin da Zuleide ta ce game da ciyarwa da amai, tsofaffi biyu da suka taɓa kiwo suka gyaɗa kai ba da son ransu ba. Sannan ya buɗe ganyen ayaba. Mutane suka ja da baya suna toshe hanci, ya ɗaga ƙafar mai jan zare ya ce a ƙarƙashin katakon kwalekwale mai shuɗin baki ya samo shi.

Gilvan bai ko girgiza ba. Ya share hawaye ya ce ashe abin har ya kai nan, an kashe masa uba kuma za a ɗora masa. Ya ce mushen ɗan tsako ne, kowa zai iya jefa shi a kwalekwalen kowa, balle mayya da ke yawo ba a ganinta. Wa ya ce daga cikin maciji ya fito? Ɓera ne ya ci kan. Sannan ya juyo ya dubi Ladislau, a hankali, ya tambaye shi lafiyar surukansa.

Jama'a suka fara komawa bayansa, kana gani da ido. Mai galan ya kwance murfi. Ladislau ya dubi hannun rigar nan, taku uku ne tsakaninsu. Ya san abin da ke ƙarƙashinta, don babu jiboyar da za a cusa a ƙarƙashin katako da ciki cike ba ta kai cizo ba. Taku uku, ya kama hannun, ya ja sama, shi ke nan. Amma hannun Gilvan ne, ga 'yan jirginsa shida a tsaye a bayansa.

Sai ya durƙusa ya buɗe kwandon.

Zuleide ta gane kafin kowa. Ta ce, "A'a. Seu Ladislau, a'a, don Allah." Mata biyu suka riƙe ta. Kasula ta fito a gajiye, ta ɗaga kai tana lasar iska ta wajen muryar da ta sani. Ladislau ya take kan da ƙafa, ya sa wuƙa, ya tsaga ta tun daga wuya. Ta daɗe tana murɗawa a hannunsa, jiboya ba ta mutuwa da wuri, kuma wasu samari har dariya suka yi. Ya buɗe tumbin ya laluba da yatsa, ya fito da 'yan gashin tsako da wani ɗan abu rawaya kamar ƙwayar shinkafa. Ya ɗora shi a kan mushen, a inda baki ya fita. Ya zauna daidai.

Ya ce ga bakin a cikinta, ga sauran a kwalekwalen Gilvan, wanda ke da wata magana ya faɗa.

Sai ga Tibúrcio, wanda ya riga ya karya da kwalba guda. Ya yi tangaɗi ya je gaban Gilvan ya ce shi dai tun jiya rigar nan ke ba shi zafi, ya cafki hannun ya ja, maɓallai suka watse. Daga wuyan hannu zuwa gwiwa ga sawun ƙananan haƙora a jere, kamar baka biyu, a wuri uku, sun kumbura sun yi ja.

Gilvan ya dubi hannunsa kamar na wani. Abin da ya ce kawai shi ne, gonar ta uwarsa ce, ita ta dasa kowane itace, ba zai zauna yana kallo a ba matar maciji ba. Waɗanda suka jefi Zuleide jiya su suka fi kowa dukansa. Da ƙyar aka ƙwace shi aka ɗaure a ɗakin ajiya na coci, a jira Talata.

* * *

Da yamma mutane suka yi ta kai wa Zuleide kifi da ayaba, kowa yana cewa shi dama bai yarda ba. Ba ta karɓa ba, ba ta kore su ba. Ladislau ya bari sai da suka watse sannan ya je, yana jin ya cancanci ko da ruwan sha.

Ya tarar ta wanke Kasula, ta ɗinke cikin da jan zaren nan, ta miƙe ta a kan teburin gari tana aunawa da hannu. Ta kai wutsiya ta ce ɗani bakwai da yatsa uku, ta ƙaru, saɓa ma take shirin yi.

Ya ce ta yi haƙuri, ba shi da wata hanya, da bai yi haka ba da yanzu tana ƙasan duwatsu.

Ba ta ɗago ba. Ta tambaye shi yaushe ya fara ganin rigar.

Ladislau ya dubi saɓar da ke bango.

"Tun jiya," ya ce.

"Na sani. Mutumin da ke ganin sawun kaguwa a laka." Ta gyara kan Kasula ya daidaita da jikin. "Mashayi ya ja hannun riga, bai mutu ba. Kai kana da hanya biyu a gabanka, Seu Ladislau, hannun rigar mai jirgi da cikin 'yata, ka duba wanda ya fi sauƙin tsagawa."

Ya buɗe baki zai ambaci jikokinsa, ya ga babu amfani. Ta miƙa masa akwatin katakon da Kasula ke kwana a ciki, ta ce ya fitar mata da shi, ya yi mata nauyi. Ya ɗauka ya kai ƙofa. A tsakar gida 'yan tsaki biyar suna ta tsattsagar ƙasa, kowane da zarensa a ƙafa. Ta leƙo ta bayansa ta ce ya kwashe su su ma ya kai wa jikokinsa, ita ba ta da wanda za ta ba.